Yarinyar da Ta Kira Tauraro Kafin Ya Fito

Akwai wasu mutane, ba zan kama suna ba. Sun san kansu. Daga sun iya karanta layi biyu a littafi, shi ke nan, kowa ya zama jahili. Tsohon da ya goyi ubansu ma sai sun gyara masa magana. Ba sa tambaya. Ba sa saurare. Bakinsu ya riga kunnensu girma. To, da su nake, kuma ga labarin wata 'yar'uwarsu.

Yarinyar tana aji biyar. Ƙauyensu yana gindin duwatsu, can cikin ƙasar Oman. Dabino ne abincinsu, shi ne arzikinsu. Ruwan ban dabinon kuwa magudana ɗaya ce tal take kawo shi daga cikin dutse. Kowane lambu da lokacinsa. Da rana inuwar sanda ake dubawa. In rana ta faɗi, sai taurari. Wannan tauraro ya fito, a toshe wa wane, a buɗe wa wane.

An taɓa kawo maganar agogo. Dattawa suka ce a'a. Suka ce, "Agogo a aljihu ake murɗa shi. Wa zai miƙa hannu ya murɗa tauraro?"

Mai duban taurarin shi ne kakan yarinyar, Kaka Marhun. Shekara arba'in yana wannan aiki, ba a taɓa kuka da shi ba. Amma tsufa ya zo. Gwiwa ta hana shi hawa tsohuwar hasumiyar da ake duban. Idon ma ya fara hazo. Don haka yayan yarinyar ne yake hawa, ya duba, ya faɗa masa. Sai ga shi yayan ya bi babansu birni. Gida ya rage daga Kaka, sai Umma, sai ita.

Ran nan da magariba suna cin shinkafa da busasshen kifi. Yarinyar ta ce, "Kaka, yaya sunan tauraron nan da ke buɗe mana ruwa?"

Ya ce, "Dabaran mana. Yau kika zo garin?"

Ta kwashe da dariya. "Ba haka ake faɗa ba! Aldebaran ne. A littafin Turanci na gani. Har da hotonsa."

"Iye! Turawa sun ɗauki hoton Dabaran? Ya yi musu murmushi kuwa?"

"Kai, Kaka! Littafin ya ce yana cikin taurari mafiya haske. Ku dai kun ji sunan ne kuka ɓata shi."

Kaka ya lashe yatsa. Ya ce, "To, 'yar boko, littafin ya gaya miki dalilin sunan?"

"Suna ai suna ne. Wane dalili kuma?"

"Matso in gaya miki. Yau ke za ki hau. In kin san dalilin, ba za ki ɓata ba."

Ta tura baki. "Tatsuniya za ka fara. Ni na riga na san shi."

Umma ta daka mata tsawa. "Ke! Da kakan naki kike? Wannan bakin naki sai ya ja miki wata rana."

Kaka ya ce, "Ƙyale ta, Galiya. Ita ce ta ɗaya a ajinsu. Kuma ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. In ta ce ta sani, ta sani."

Tsarin daren nan mai sauƙi ne. In Surayya ta fito, wato taurarin da muke kira kaza da 'ya'yanta, a buɗe wa lambun Baba Halfan, maƙwabcinsu. In Dabaran ya fito, a toshe nasa, a buɗe na Kaka. Tsakanin biyun kamar awa guda ne.

Bayan sallar isha'i suka tafi. Kaka yana dogara sanda. A gindin hasumiya ya zauna a kan dutse.

Yarinyar ta miƙa hannu. "Ba ni fitilar."

"Ba a hawa da fitila. Hasken yana kashe ido. Hau, ki zauna a bakin tagar gabas."

Ta leƙa ƙofar. Baƙi ƙirin. Wani wari ya buso, warin jemage da tsohuwar ƙasa. Nan take ta tuna abin da yara ke faɗa a makaranta. Wai akwai wata mata mai ƙafar jaki a cikin hasumiyar. Da rana ita ce kan gaba wajen yi musu dariya. Yanzu dariyar ta gudu.

Kaka ya ce, "Ko tsoro kike ji, 'yar boko?"

"Ni? Tsoron me?"

Ta shiga. Tana lalube da hannu, tana ƙirga matakala. Ɗaya, biyu, uku. A ta ashirin wani abu ya taɓa mata kunne, fir! Ta toshe bakinta da mayafi. Da ƙyar ta kai sama.

Ta zauna a bakin taga. Ga dogon dutse can gabas, baƙi kamar bango. Ba a daɗe ba sai ga wasu 'yan taurari sun leƙo a dunƙule, kamar an watsa gishiri. Wannan kam kowa ya san ta.

Ta yi kira, "Kaka! Surayya ta fito!"

Kaka ya ɗaga murya. "Nasib! Buɗe wa Halfan!"

Can cikin dabino Nasib, mai juya ruwa, ya amsa. Sai wuri ya yi tsit.

Yanzu fa sai jira. Awa guda, ita kaɗai.

Iska ta taso. Ganyen dabino ya fara shuu, shuu, kamar mutane suna raɗa. Mujiya ta yi kuka a kan bango. Yarinyar ta ƙanƙame gwiwoyinta.

Ta ce a hankali, "Kaka?"

Shiru.

"Kaka!"

Shiru. Gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Sai ta ji motsi a matakala. Ƙaras. Ƙaras. Ya tsaya. Ya sake. Ƙaras. Ta kasa waiwayawa. Ta kafa ido a kan dutsen tana cewa, "Fito mana! Don Allah fito!"

Sai ga wani tauraro ya ɓullo. Ƙato ne, yana walƙiya. Amma can gefe yake, hannun hagu, nesa da Surayya.

Wata zuciya ta ce mata, "Anya? Wannan bai yi gefe da yawa ba?"

Wata ta ce, "Littafi ya ce mai haske ne. Ga mai haske. Tashi ki gudu!"

Ƙaras!

Ta zabura. "Ya fito! Kaka, ya fito!"

Ba ta san yadda ta sauko ba. Kaka ya farka yana mutsuttsuke ido. Ya ce, "Da wuri haka?"

"Na gan shi da idona. Ƙato, yana walƙiya."

Kaka ya ɗaga kai. Bango ya tare masa gabas. Ya ce, "To, ashe na daɗe ina barci. Tsufa ba daɗi." Ya ɗaga murya. "Nasib! Toshe na Halfan, buɗe nawa!"

Da suka koma gida Umma ta ce, "Hau soro ki sauko da faifan dabino, kar raɓa ta taɓa shi."

Ta hau. Ta sunkuya za ta ɗauka, sai idonta ya kai gabas. Ta sandare.

Wani tauraro ne yake leƙowa daga bayan dutse. Yanzu-yanzu yake fitowa. A ƙarƙashin Surayya yake, kamar yana biye da ita. Kuma ja ne. Sai a lokacin ta tuna hoton littafin. Ja ne shi ma.

Ashe wancan na farko ba shi ba ne. Rabin lokacin Baba Halfan ta yanke.

Umma ta ce daga ƙasa, "Me kike yi ne a can?"

"Ba komai, Umma."

Ta sauko ta kwanta. Ta ce a ranta, "Wa ya gani? Ruwa ai ba ya magana."

Ashe ruwa yana magana.

Gari na wayewa aka fara dukan ƙofa. Bam! Bam! Bam!

"Marhun! Fito, ɓarawon ruwa!"

Baba Halfan ne. Dogon mutum ne mai jan gemu, ga sanda a hannu, ga wuƙar ado a ƙugu. In ya yi tsawa har awaki sukan daina tuƙa. Yarinyar ta laɓe a bayan ƙofa.

Kaka ya fito. "Lafiya, Halfan? Ko sallama babu?"

"Sallamar me? Je ka ga lambuna! Tun ina yaro ruwana yake kaiwa jikin katanga. Jiya ko rabi bai kai ba. Kuma a can na dasa 'ya'yan dabino goma sha biyu. Ga su can, ƙasarsu ƙamas! Naka kuwa har kwaɗi suna iyo!"

"Ƙila magudanarka ce ta fashe."

"Kanka ne ya fashe! Na bi ta taku-taku."

Mutane suka taru. Aka kira Nasib. Ya ce, "Ni abin da aka ce mini na yi. A cikin dabino nake, ba na ganin sama."

Kaka ya waiwaya. "Ina 'yar nan? Zo."

Ta fito kamar an tsamo ta daga ruwa.

"Gaya wa Babanki Halfan. Kin ga Dabaran ko ba ki gan shi ba?"

Duk idanu suka dawo kanta. Ta kalli jan gemun. Ta kalli wuƙar.

Ta ce, "Na... na gan shi."

Kaka ya buga sanda a ƙasa. "Ka ji! Kai ne maƙaryaci, Halfan!"

"Ni? Ni kake ce wa maƙaryaci, tsohon makaho?"

Da ƙyar aka shiga tsakani. Wakilin ruwa, wanda ke raba gardamar lambuna, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ya isa. Abin da ya wuce a sama ba mai dawo da shi. Gobe bayan la'asar a haɗu a zauren gari. Marhun zai dafa Alƙur'ani, ya rantse cewa a kan lokaci aka juya ruwa. In ya rantse, magana ta mutu. In ya ƙi, ya sauka daga aikin."

Kaka ya ce, "Zan rantse. Jikata ta gani. Idonta idona ne."

Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da yamma Umma ta aike ta wurin wanki. Mata suna ta hira, ba su lura da ita ba.

Ɗaya ta ce, "Rantsuwa fa ba wasa ba ce. Kakata ta ce akwai wanda ya rantse a kan ruwan da ba nasa ba. Kafin shekara hannun ya shanye."

Wata ta ce, "Ni na ji dabinonsa ne suka bushe, ɗaya bayan ɗaya."

"Duka biyun ne, 'yar'uwa. Alƙur'ani ba ya barin bashi... af, ga jikarsa nan, ku yi shiru."

Ta dawo gida ba ta ko matse kayan ba. Ta tarar da Kaka yana shan gahawa. Ta tsaya tana kallon hannunsa na dama. Hannun da yake ɓare mata dabino. Hannun da yake shafa mata kai.

Ya ce, "Me kike kallo, 'yar boko? Ko shi ma Turawa sun canja masa suna?"

Ta ruga ɗaki. Abinci ma ta kasa ci.

Washegari a makaranta ba ta ɗaga hannu ko sau ɗaya ba. Malama Zuwaina ta lura. Da aka fita tara ta ce, "Ke, tsaya. Yau aku ta yi shiru. Lafiya?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Malama, in taurari biyu suna da haske, yaya za a gane Aldebaran?"

Malama ta dube ta da kyau. Duk garin an san maganar rantsuwa. Ta ɗauki alli, ta yi rubutu da Larabci a allo.

"Karanta."

"Ad-dabaran."

"To, karanta na littafinki."

"Aldebaran." Ta sake kallon allon. "Malama... ai ɗaya ne."

"Ɗaya ne mana. Wa kike zato ya ara a wurin wani?"

"Na zaci mu ne muka ɓata nasu."

Malama ta yi dariya. "Tun Turawa ba su san sunan ba, makiyayan Larabawa suke kiransa haka. Malamai suka rubuta a littattafai. Daga baya Turawa suka fassara littattafan, suka ɗauki sunan yadda harshensu ya iya. Ba shi kaɗai ba ma. Taurari da yawa haka sunansu ya je can."

"Mene ne ma'anarsa?"

"Mai bin baya. Kullum a bayan Surayya yake. Inda ta bi, nan yake bi. Ba ya gefe, ba ya gaba. Wanda ya san ma'anar ba zai ɓata ba. Akwai wani da ke riga shi fitowa ta hagu. Ya fi shi haske ma. Sunansa Ayyuƙ. Shi ke ruɗin baƙi."

Hawaye suka cika idon yarinyar.

Malama ta ce, "Kin san a ina na fara jin wannan? A bakin kakanki, ina ƙarama kamarki. Da na je kwaleji, sai na tarar da maganarsa a littafi."

Nan yarinyar ta fashe da kuka. Ta faɗi komai. Duhun, da motsin, da tauraron hagu, da jan da ta gani a kan soro.

Malama ta dafa kafaɗarta. Ta ce, "Na hasumiya kuskure ne. Tsoro ya sa ki, da rashin saurare. Amma na ƙofar gida ƙarya ce. Ita ce za ta kai hannun kakanki kan Alƙur'ani."

"Malama, ki faɗa musu mana."

"A'a. Bakin da ya ƙulla shi zai kwance."

"Baba Halfan zai yanka ni!"

"Ba zai yanka ki ba. Zai yi faɗa, ƙwarai kuwa. Faɗa yana wucewa. Rantsuwa ba ta wucewa."

Aka tashi daga makaranta. Ta tarar da Kaka yana barcin rana. Ta tsaya a kansa. Ta so ta tashe shi ta faɗa masa, ta fasa. Ta fita. Ta dawo. Ta sake fita. Tana cikin haka aka kira la'asar.

Kaka ya tashi ya yi alwala. Ya sa farar rigarsa, ya naɗa rawani. Ya ce, "Galiya, na tafi. Ku yi mini addu'a." Ƙarar sandarsa ta yi ta nisa. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas.

Yarinyar ta zauna. Ta tashi. Ta ji an sallame salla. Sai ta ruga madafa.

"Umma! Ba shi ba ne! Ba Dabaran na gani ba!"

Tukunya ta suɓuce daga hannun Umma. "Me kika ce?"

"Ƙarya na yi, Umma!"

"Innalillahi! Kin kashe mu!" Umma ta figi mayafi, ta figi hannunta. "Gudu! Dukanki yana nan yana jiranki, amma yanzu gudu!"

Suka bi ta lungu, suka tsallake magudana. Takalmin yarinyar ɗaya ya cire, ba ta tsaya ba. A ƙofar zaure ga takalman maza birjik. Umma ta ja burki. Mata ba sa shiga.

Ta tura ta. "Shiga!"

"Umma, tsoro nake ji."

"Ji tsoron, ki shiga da shi!"

Ta shiga. Maza sun jeru a jikin bango. Wakili yana tsakiya, ya buɗe ƙyallen da aka naɗe Alƙur'ani. Kaka ya durƙusa a gabansa. Ya miƙa hannun dama.

"Kaka, kar ka taɓa!"

Hannun ya tsaya a iska. Kowa ya waiwayo.

Wani ya ce, "'Yar wa ce wannan? Ku fitar da ita!"

Wakili ya ce, "Ku bar ta. Faɗi, 'yata."

Ta ce, "Ba Dabaran na gani ba. Ayyuƙ ne. Tsoro na ji a hasumiya, na ƙosa in sauko. Kaka ya so ya koya mini, na ce na sani. Daga baya na ga na gaskiyar a kan soro, na yi shiru. Jiya kuma na yi ƙarya. Kaka bai sani ba. Baba Halfan ne mai gaskiya."

Kaka ya janye hannunsa a hankali. Ya kalle shi, ya ɗora a kan ƙirji. Ya ce, "Alhamdu lillahi." Sau uku yana faɗa.

Baba Halfan ya miƙe. Ya tako har gabanta. Ta rufe ido.

Ya daka tsawa. "Ke! 'Yar ƙaramarki da ke, kin haɗa tsofaffi biyu faɗa! Kin shanya mini dashe! Kin sa an ce mini maƙaryaci a gaban jama'a!"

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Haƙuri zai jiƙa ƙasa?"

Hawaye ya zubo mata.

Ya tsaya yana huci. Can ya kalli ƙafarta. Ya ce, "Ina ɗaya takalmin?"

"Ya faɗi a hanya."

"Hm. Gudu kika yi ke nan." Ya shafa gemu. Ya juya ga jama'a. "Ku dai kun san ni. Da ni ne a shekarunta, wallahi da sai dai a rantse. Ba zan shigo ba."

Wani ya ce, "Ko yanzu ma ba za ka shigo ba!" Zaure ya ɗauki dariya.

Kaka ya ce, "Halfan, laifina ya fi nata. Na ɗora mata kaya ban gwada wuyanta ba. Kuma na ce maka maƙaryaci. Ka yafe ni."

"Ni ma na ce maka ɓarawo. Na makaho dai ban janye ba."

"Bar shi, ai da gaskiyarka."

Wakili ya yanke hukunci. In zagayen ruwa ya dawo, rabin lokacin Kaka na Baba Halfan ne. Kaka zai ci gaba da aikinsa. Amma ba za a sake barin yarinya ita kaɗai a hasumiya ba.

Baba Halfan ya ce, "Zagayen sai nan da kwana shida. Dashena ba za su kai ba."

Yarinyar ta ce, "Ni zan ba su ruwa, Baba. Da bokiti. Safe da yamma."

A gida Umma ta ɗauko tsumagiya. Kaka ya ce, "Ajiye, Galiya. Tsoron da ta sha ya fi bulala goma."

Yarinyar ta durƙusa a gabansa. "Kaka, ka yafe ni. Ka gaya mini abin nan. Zan saurara."

Ya ce, "Ai tatsuniya ce."

"Ina so."

Ya gyara zama. "Mutanen da suka ce wai Dabaran talaka ne. Ya ga Surayya, ya ce yana so. Ta ce, 'Me zan yi da wanda ba shi da ko akuya?' Ta yi gaba. Shi kuwa ya tattaro 'yan raƙumansa, ya koro su, ya bi ta. 'Yan taurarin da ke kewaye da shi su ne raƙuman. Har yau yana bin ta, har idonsa ya yi ja, bai cim mata ba. To, alama uku ke nan. A bayanta yake. Ja ne. Yana da raƙuma. Wancan na hagu kuwa ɗan gayu ne kawai. Sai ƙyalli, ko tunkiya ba shi da ita."

Ta yi dariya, karo na farko cikin kwana biyu.

Motsin matakala kuwa, da Nasib ya duba da rana, bushiya ce ta yi gida a wurin.

Kwana shida tana jidar ruwa. Daga wurin ɗibar ruwan sha zuwa katangar Baba Halfan akwai tafiya. Hannunta ya yi kanta. Wuyanta ya sage. Yara suna bin ta suna cewa, "Ga mai tauraro! Ga mai tauraro!" Ta daure.

Baba Halfan kuwa yana zaune a inuwa yana ba da umarni. "A gindi za ki zuba, ba a ka ba! Wanka kike yi masa?"

Dashe ɗaya ya mutu. Kaka ya ciro wani daga jikin dabinonsa mafi zaƙi, ya aika da shi. Sauran goma sha ɗayan suka miƙe, suka yi sabon ganye.

Ran da ruwa ya zagayo, Baba Halfan ya kira ta. Ya nuna mata dashen da ya fi kowanne kyau. Ya ce, "Kin ga wannan? Naki ne. Ran da ya fara haihuwa, ke za ki fara ci. Amma in kika sake yi mini ƙarya, sai na tuge shi na bi ki da shi har gida."

Ta ce, "Ba zan sake ba, Baba."

Kuma ba ta sake ba.

To, yara, ga darasin, ba sai an nannaɗe shi ba. Karatun littafi alheri ne, ku yi shi da gaske. Amma kar ya sa ku raina abin da manyanku suka sani. Ku saurara kafin ku gyara wa mutum magana. In ba ku tabbata ba, ku ce ba ku tabbata ba. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa da wuri, kafin ya faɗa a kan wanda ya yarda da ku.

Kai kuma da kake karantawa kana murmushi, wai da wasu nake. Tsaya. Sau nawa aka fara koya maka abu ka ce, "Na sani," alhali ba ka sani ba? In ba ka taɓa yi ba, ko sau ɗaya, tashi tsaye ka kalli idon mahaifiyarka ka musa!